Dokin sukuwa in ya bar fili: yadda ake riƙonshi da sake horonshi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa a Adar ya san ranar sukuwa. Ran salla ko ran bukin ƙasa, jama'a ta cika fili, makaɗa na kiɗi, ƙura ta tashi. Yaro shina bisa doki kamar an liƙa shi. Dokin da ya zo na fari a kewaye shi da guɗa, mai shi kuma a yi mashi kirari. To, bayan shekara 3 ko 4, ina wannan doki? Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba.

Doki in ya samu riƙo mai kyau shina kai shekara 25, wani har 30. Amma shekarun gudunshi kaɗan ne. Ana fara sa shi sukuwa wajen shekara 3. Kafin shi kai 10, mafi yawa sun bar fili. Wani jijiyar ƙafa ta kumbura, wani gwiwa, wani kuwa ƙanana ne sunka taso sunka fi shi sauri. Ke nan ran da ya bar sukuwa, fiye da rabin rayuwarshi na gaba.

Wanda ya yi sa'a, mai shi ya riƙe shi don hawan salla. Da yawa kuwa kasuwa ake kai su: Tawa ran Lahadi, Badagishiri ran Alhamis, ko a ƙetara da su iyaka wajen Ƙonni. Wasu a loda su mota har kudancin Nijeriya, irin kasuwar Obollo-Afor ta jihar Enugu, inda ake yanka dawaki don nama. Wasu kuma su faɗo hannun talaka, don sun yi araha.

Na san wani magidanci cikin wani ƙauye kusa da Kalfu da ya sayi irin wannan doki. Ingarma ne mai kyan tsayi, kuɗɗin kuma bai kai na sa ba. Kwana 2 da zuwanshi gida ya ɗaura mashi amalanke, ya loda dammunan hatsi. Suna kan hanya sai ga masu buki da ganga. Doki ya ji kiɗi, ya tada kunne, ya zabura. Mutumin ya ja linzami da ƙarfi, doki ya ƙara wuta. Amalanke ta kife cikin kwazazzabo, ƙafarta ɗaya ta karye, dokin ya yanke a cinya. Allah ya kiyaye, ba a yi rai ba. Mutanen gari sunka ce dokin mahaukaci ne. Ni ban yarda ba. Dokin ya yi abin da anka koya mashi tun shina duƙushi. Ba wanda ya koya mashi wani abu daban.

Yadda wasu ƙasashe sunka yi

A ƙasashen da sukuwa ta zama babbar sana'a, an daɗe da gane wannan matsala. A Amurka akwai wani doki mai suna Ferdinand. Shi ya ci babbar sukuwar Kentaki a 1986. Daga baya anka saida shi Japan don barbara. Da bai yi albarka ba, sai ya ɓace a 2002, kuma binciken da anka yi ya nuna mahauta anka kai shi. Labarin ya tada hankalin jama'a. A 2003 wani tsohon ɗan jarida ya buɗe gonar hutun tsofaffin dawakin sukuwa a jihar Kentaki, ana kiranta Old Friends, wato tsofaffin abokai. Tun kafin nan, a 1983, an kafa wata ƙungiya a can mai tara irin waɗannan dawaki. Ita kuma gidajen kaso take kai wasunsu, fursunoni su koyi kiwon doki, in sun fito suna da sana'a. A Ingila an kafa ƙungiyar sake horon dawakin sukuwa a 2000. A Faransa, inda ake sukuwar da masu buga PMU na garuruwanmu ke saurare, an kafa tata a 2016.

Abin da waɗannan gonaki ke yi ba sihiri ba ne. Suna karɓar doki, su duba lafiyarshi, su bar shi shi huta, su sake mashi abinci, su koya mashi sabon aiki, sannan su nemo mashi sabon gida. Wanda ba shi iya aiki, su riƙe shi har ƙarshen kwanakinshi. Su suna da kuɗɗin da mu ba mu da su. Amma sanin doki ba baƙo ba ne gare mu. Dokin Arewa na wajen Dogon Dutsi ya yi suna wajen gudu har Nijeriya. Dokin Bagazam na Abzin kuwa, tsofaffi na ba da labarinshi har yau. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da ɗanshi Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har 1981, sun shahara da sukuwa da ƙwallon dawaki. A Kano hawan salla ya kai har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2024. Aikin da tsohon dokin sukuwa za shi yi, akwai shi. Abin da ya rage shi ne a san yadda ake kai shi can.

Mutum ɗaya na iya yin wannan aiki da doki 1 ko 2 bayan gidanshi. Ƙungiyar gari ma na iya yi da 4 ko 5. Ko wanne ne, hanyar ɗaya ce.

Kafin ka karɓi doki

Kada ka sayi dokin sukuwa da kallo ɗaya. Ka gan shi da sassafe, kafin a motsa shi, don gurguntaka ta fi fitowa jiki na sanyi. Ka shafa ƙafafunshi 4 daga gwiwa zuwa kofato. Ka gwada ta dama da ta hagu. Inda ka ji zafi ko kumburi, akwai ciwo. Jijiyar bayan ƙwauri ita ce ta fi lalacewa ga dokin gudu. In ta yi tozo kamar baka, ta taɓa tsagewa.

Sannan ka sa a ja shi da sassarfa bisa ƙasa mai tauri, shina zuwa wajenka. Ka dubi kanshi. In ƙafar gaba ɗaya na ciwo, duk sa'ad da ta taɓa ƙasa za shi ɗaga kai sama. Ka saurari numfashinshi bayan sassarfar. Ka dubi bayanshi ko akwai mikin sirdi. Ka buɗe baki ka dubi kusurwar leɓe da dasashi, don linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, shina barin rauni.

Haƙora ke faɗin shekaru. Haƙoran gaba na tsakiya suna sakewa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Daga nan, duk tsufan da doki ya ƙara, haƙoran na ƙara tsawo suna turowa gaba. Dillali na iya rage ma doki shekaru da baki, amma ba shi iya rage mashi haƙori.

Abu ɗaya kuma: akwai masu ba doki ƙwayar kashe zafi ranar kasuwa, shi yi ta rawa kamar lafiyayye. Bayan kwana 2 gurguntaka ta dawo. Saboda haka, in da hali, ka roƙi a bar maka shi kwana 3 kafin a gama ciniki, gaban shaidu. In mai shi ya ƙi, ka yi tunani. Ka kuma kai shi wajen ma'aikacin kiwo shi duba maka.

Sabon doki ba a haɗa shi da sauran bisashe nan da nan. A turke shi nesa mako 3, da kominshi da bokitinshi daban. Ba mu manta da murar dawaki da jakkai ta ƙarshen 2018 da farkon 2019 ba, wadda ta bi Sakkwato da Nijar ta kashe jakkai masu yawa. Daga kasuwa zuwa kasuwa, daga rijiya zuwa rijiya ta yaɗu.

A sauke shi daga tsaba

Nan ne mutane sunka fi yin kuskure, don haka za mu daɗe a nan.

Dokin sukuwa an saba mashi da tsaba mai yawa: hatsi, dawa, dusa, wani har da ƙari na musamman. Tsaba ita ke ba shi wutar gudu. In ya daina gudu kuma ana ba shi tsabar nan, wutar ba ta da wurin fita. Sai shi yi ta haƙar ƙasa, shina cizo, shina harbi. Abin da ya fi wannan muni, tsaba mai yawa na sauka ga kofato. Kofatan gaba su yi zafi, doki shi tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina baya, ba shi son taka ƙasa. Wannan ciwo na iya nakasa shi har abada.

Amma kuma in ka yanke tsabar rana ɗaya, ka sa shi ciwon ciki ko rama. Cikin doki ba shi son canji na gaggawa. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan cikin mako 2 zuwa 3, ana ƙara haki. Duk wani sabon abinci ma haka ake shigo da shi.

Mi ya sa cikin doki ke da wuyar sha'ani? Tumbinshi ƙarami ne, bai fi lita 10 zuwa 15 ba. Ba shi tuƙa kamar saniya. Kuma doki ba shi iya amai: abin da ya shiga, sai ya fita ta baya. Allah ya halicce shi shi riƙa cin haki kaɗan kaɗan dare da rana. Don haka kada a bar shi yini guda ciki wayam, sannan da marece a zuba mashi tiya cike. A raba abinci sau 3 ko 4. A fara da ruwa da haki, tsaba ta zo daga baya.

Ga awo mai sauƙi. Doki na bukatar busasshen abinci kilo 2 ga kowane kilo 100 na nauyinshi, kowace rana. Dawakinmu da yawa suna tsakanin kilo 300 da 350. Ke nan kilo 6 zuwa 7 a rana, kuma mafi yawanshi haki ne. Harawar wake da ta gyaɗa sun fi kome, sai hakin daji mai kyau. Karan hatsi da na dawa suna cika ciki, amma su kaɗai ba su riƙe doki. Ƴaƴan gawo ana iya ƙarawa kaɗan. A aje mashi gishiri shi riƙa lasa. Harawar da ta yi hunhuna a zubar. Gyauron dawa ɗanye, wanda ya sake tohowa bayan girbi, kada a bar shi ya ci, akwai dafi cikinshi.

Kada a zuba abinci bisa rairayi. Doki na haɗiye ƙasa tare da tsaba, ta taru cikin hanji, wata rana ta toshe shi. A sa cikin komi, ko rabin tano, ko bisa tabarma.

Ruwa kuma: lita 25 zuwa 30 a rana lokacin ɗari, lita 40 ko fiye da bazara. Shayarwa sau ɗaya a rana ba ta isa. A ba shi aƙalla sau 3.

Alamun ciwon ciki kowa ya kamata shi san su, har yaran gida. Doki ya ƙi ci, shina waiwayen cikinshi, shina haƙar ƙasa, ya kwanta ya tashi, shina birgima, zufa na zuba. A ɗauke abinci, a riƙa jan shi a hankali, a aika kiran likitan bisashe maza. Kada a ɗura mashi kome ta hanci, shina iya shiga huhu.

Hutu da jiyyar ƙafa

Ko lafiyayyen doki ne, a ba shi hutu wata 1 zuwa 3 kafin a fara sabon horo. Kamar ɗan kokowa ne da ya aje laya: jiki da zuciya duka sai sun sauka. Wanda jijiyarshi ta tsage kuwa, maganarshi ta wata 9 ce zuwa shekara guda. Ba maganin da ke gajarta wannan. Kwanakin farko a riƙa zuba ruwan sanyi na randa bisa kumburin, minti 15 zuwa 20, sau 2 ko 3 a rana. Daga baya a riƙa jan shi da hannu, minti 10, a ƙara kaɗan kowane mako. Bayan wata 2 za ka ga ya daina ɗingishi, ka ce ya warke. Bai warke ba. In ka hau shi ka sake shi da gudu, jijiyar ta sake tsagewa, kuma ta biyu ta fi ta fari muni.

Game da lalas, na san dattawa da yawa ba za su yarda da ni ba. Amma ƙona fata da ƙarfe ba shi ɗinke jijiya. Hutun da ake ba doki bayan lalas, shi ke warkar da shi. Ƙunar kuwa ƙofa ce ga ƙuda da ciwon tetanus, mai sandarar da jiki shi ɗaure muƙamuƙi. Doki na cikin bisashen da tetanus ya fi kamawa, kuma akwai allurar rigakafinshi.

Wurin zama ba shi bukatar siminti. Rumfa mai inuwa da iska ta isa, da zana wajen gabas don hunturu. A share kashi da jiƙaƙƙar ƙasa kullum, don kofato na ruɓewa cikin laima. A ƙasar duwatsu irin tamu, a duba ƙarƙashin kofato kowace safiya, a cire tsakuwa. A gyara kofato kowane mako 6 zuwa 8. In akwai fili, a kewaye shi a riƙa sakin doki shi yi yawo da birgima. Dokin da ya yini ya kwana a turke da dabaibayi, halinshi na ɓaci. Igiyar dabaibayi ta roba na yanka. A naɗe ta da tsumma.

Ingarma 2 ba a sake su wuri ɗaya, sai faɗa. Mu ba mu saba yi ma doki fiɗiya ba, muna ganin rage mashi daraja ne. Amma wanda ba za a yi barbara da shi ba, kuma amalanke ko hawan yara za shi yi, fiɗiya na kwantar mashi da hankali. Aikin likita ne, kuma lokacin ɗari ya fi, sa'ad da ƙuda sunka ragu.

Da damana akwai annobar dawaki wadda ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke kawowa. Kan doki ya kumbura bisa idanu, ko kumfa ta riƙa fita hanci. Tana kashe mafi yawan waɗanda ta kama. A nisanta dawaki daga tabki da fadama, a shigar da su rumfa kafin faɗuwar rana, a yi hayaƙi. A tambayi ma'aikatar kiwo zancen rigakafi tun kafin ruwan fari. Maganin tsutsar ciki da na kaska ma, su za su faɗi lokaci da awo.

Sabuwar makaranta

Dokin sukuwa abu ɗaya ya sani: in an hau, a ruga. Kiɗi da taron jama'a gare shi alamar gudu ce. Jan linzami da ƙarfi ba shi tsaida shi, don ya saba jingina bakinshi bisa ƙarfe shina gudu. Tsayawa cik a hau shi ma bai iya ba. Mahayinshi kuwa yaro ne marar nauyi. Duk wannan sai an warware, kamar yadda ake koya ma babba riƙon alƙalami: da haƙuri, kuma ba da bulala ba.

Darasi na fari a ƙasa ake yin shi. Mutum ɗaya ne za shi riƙa yi, kullum da safe, minti 15 zuwa 20. A ja shi da ragama. A zaɓi kalma ɗaya ta tafiya, ɗaya ta tsayawa, kada a sake su. In an ce "tsaya" ya tsaya, a sassauta igiya nan take, a shafa wuyanshi. Sassautawar nan ita ce ladanshi, ta nan shike gane ya yi daidai. In anka ci gaba da ja bayan ya tsaya, bai koyi kome ba. A tsaida darasi sa'ad da ya yi abu mai kyau, ko ƙarami ne.

In ya iya tafiya da tsayawa da ja da baya, sai a fara hawa, da linzami mai laushi. Tafiya kawai, mako da mako. A juya shi dama, a juya shi hagu, don dokin da ya saba kewaya fili ta gefe ɗaya, ɗayan gefen ya yi mashi tauri. Kada a yi tsere da kowa, ko da wasa. Yara su ji wannan da kyau: tsere ɗaya na rushe aikin wata guda. In akwai tsohon doki mai sanyin hali, a riƙa fita tare da shi.

Sannan a saba mashi da abin da ke tada shi. A sa a buga ganga daga nesa shina cin haki. Gobe a matso kaɗan. Haka za a yi da babur, da mota, da raƙumi, da garken shanu a bakin rijiya. Wanda za shi hawan salla ko rakiyar ango, a saba mashi da kayan ado da tsayawa cikin jeri tun watanni kafin ranar.

Na amalanke shi ya fi tsawon hanya. A fara sa mashi kayan ja shi kaɗai, ba amalanke. A bi bayanshi da dogayen igiyoyi 2, ana tuƙa shi daga ƙasa. In ya saba, shi ja ƙaramin gungume. Sannan a tura amalanke kusa da shi, shi ji ƙararta, shi sansana. Ran da za a ɗaura ta, wayam za a ɗaura, mutum 2 na riƙe da kanshi, a fili marar rami. Kaya sai daga baya, kaɗan kaɗan. Doki da ƙirji shike ja, don haka ɗamarar ƙirji ta zama mai faɗi da taushi, kuma a daidaita kaya bisa ƙafafun amalanke, kada nauyi shi danne bayanshi. Maƙeranmu sun san aikin amalanke tun zamanin da masana'antar ACREMA ta Tawa ta yaɗa ta cikin ƙauyuka. A gaya masu ta doki ake so, mai dogayen hannuwa. A Senegal, ƙasar gyaɗa, doki ke jan injin shuka da ƙaramar garmar noma. A jigawa mai taushi namu ma na iyawa. A fako da ƙasar dutse kuwa, a bar ma shanu.

Duka duka, daga hutu zuwa aiki, a sa ran wata 4 zuwa 6 ga lafiyayyen doki. Kuma ba kowane ke kaiwa amalanke ba. Wani hawa kawai za shi yi. Goɗiya mai asali, ko ingarman da ya yi suna, ana iya aje su don iri, in dai ba aibin haihuwa ne ya fidda su fili ba. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11.

Mu yi lissafi

Yanzu kowa shi ɗauko alli. Doki 1, haki kilo 7 a rana. A wata: 7 sau 30, kilo 210. A shekara: 7 sau 365, kilo 2555. In damana ta ɗauke maka wata 3, saura wajen kilo 1900 da za ka tanada. Doki 5 kuwa, kilo 9500. Ruwa lita 30 a rana, lita 900 ke nan a wata, tano 4 da rabi mai lita 200.

Tsaba fa? In kana ba doki tiya 1 kullum, tiya 365 ke nan a shekara. Tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Ka ga buhu 9 da ɗoriya. Masu lissafin cimaka a Nijar suna sa kilo 200 zuwa 250 ga mutum ɗaya a shekara. Ashe dokin da ke cin tiya kullum na cin abincin mutum 4. Mu da munka ga 1973 da 1984, mun san abin da wannan ke nufi. Shi ya sa sauke doki daga tsaba ba don lafiyarshi kaɗai ba ne, har da rumbun gida. Dokin da ke hutu, in shina samun harawa mai kyau da ɗan dusa, ba shi bukatar tiya guda. Mai aikin amalanke ne za a ƙara mawa, gwargwadon aikinshi.

Wanda ba shi da gonar wake, ko kuɗɗin sayen harawa da kaka, kada shi karɓi doki ko kyauta anka ba shi. Harawa da kaka take araha. Da bazara sai ta ninka. A saye ta da wuri, a ɗora bisa rumfa ko cikin ɗaki, nesa da rana da gara.

Ta ina kuɗɗi ke shigowa? Amalanke na ɗaukar ruwa da taki da kayan kasuwa. Ana hayar doki don buki da salla. Akwai ladan barbara. Dokin da anka sake ma horo, mai tsayawa in an ce tsaya, wanda yaro ke iya riƙewa, ya fi wanda ya fito fili kuɗɗi. Akwai kuma taki: doki ɗaya na zubar da fiye da kilo 10 a rana. In anka tara shi cikin rami ya ruɓe, masu garkar albasa da masu tassa na nemanshi. Wani mai doki kuma ba shi son saida dokin da ya ɗaukaka sunanshi, amma ba shi da wuri ko lokaci. Irin wannan shina iya aje shi wajenka, shi riƙa biyan abinci duk wata.

In za a yi haka, a rubuta. Takarda ɗaya ta isa, gaban maigari da shaidu 2: dokin wane ne, nawa za a biya a wata, wa ke biyan magani, wa ke cin kuɗɗin haya, mi za a yi in ya mutu. Kowane doki kuma a ba shi shafi nashi cikin littafi: ranar zuwa, shekaru, launi, ko kili ne ko akawal ko danda, ciwon da ya zo da shi, ranar allura, abin da anka kashe, abin da ya kawo. In ƙungiya ce, mai riƙon kuɗɗi daban, mai rubutu daban, a karanta littafin gaban kowa ƙarshen wata. Yaran da sunka yi hawan sukuwa har sunka yi nauyi, su ne sunka fi dacewa da aikin barga. Su ma fili ya sallame su, kuma sun san doki.

Tsohon da ba shi iya aiki

Za a samu wanda ba hawa ba ja. Tun ranar karɓarshi a san da wannan, a ƙayyade guda nawa ake iya ɗauka. Tsohon doki haƙoranshi na lalacewa. Za ka ga shina tauna haki shina zubar da dunƙule, ka ga tsaba na fita cikin kashi ba ta niƙu ba. A sa likita shi duba baki, don gefen turamen haƙora na yin kaifi shi yanki kunci, kuma ana goge shi. A jiƙa mashi dusa, a daddatse harawa ƙanana, a ba shi shi kaɗai, don ƙarfafa kada su kore shi daga komi. Da ɗari a rufa mashi bargo ko buhu da dare.

In kuwa babban ƙashin ƙafa ya karye, ko doki ya kwanta ya kasa tashi, ɗori ba shi cika yi ba, don doki ba shi iya daɗewa bisa ƙafa 3. Kada a ja shi bayan gari a bar ma rana da karnuka. A kira ma'aikacin kiwo shi duba, a yanke shawara tare da mai dokin a ranar. Gawar kuma a haƙa rami mai zurfi a rufe ta, nesa da rijiya da hanyar bisashe.